Sunan Da Kaka Ya Ɓuya A Cikinsa

Zuwa ga mahaifina, Malam Istifanus MacGregor, wanda ke kwance a maƙabartar cocinmu a Bukuru.

Baba, ina gaishe ka da gaisuwar 'ya ga mahaifinta, cikin sunan Ubangiji wanda ka bauta wa har ƙarshen numfashinka. Ina fata ka huta daga gajiyar duniya. Mu nan Birmingham muna lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Jikarka Keziya ta shiga jami'a, tana zaune da ƙawayenta a wani gidan haya a Selly Oak, ni kuma ina nan a ɗan ɗakina na Lozells. Na san ba ka son a buɗe magana da kuka, shi ya sa na fara da wannan.

A kan sunanmu na rubuto maka.

Ka tuna ranar da na dawo daga firamare ina hawaye, don malaminmu ya kira rajista ya ce "Hannatu Magiriga", aji duka ya tuntsure da dariya? Kana zaune gindin mangwaro kana duba littattafan 'yan ajinka. Na tambaye ka me ya sa mu baƙaƙe muke da sunan Bature. Ba ka ko ɗago ba, ka ce, "Suna ne kawai, Uwata. Je ki ci abinci." Abin da na tashi da shi ke nan, sai ɗan guntun labarin da kowa ya sani: cewa Kaka ya yi wa wani Baturen kamfanin kuza kuku, kuma da aka zo yi masa baftisma sunan Baturen aka rubuta.

Da na zo ƙasar nan sunan ya yi mini rana, ya kuma ba ni kunya. In na nemi aiki a waya sai a ce in zo gobe. In na zo aka buɗe ƙofa, sai in ga ana leƙen bayana, ana neman matar da aka yi magana da ita. Na saba. Ban sake tunanin abin ba sai da aiki ya kai ni wani gida a unguwar Aston.

Aikin da nake yi, Baba, bin tsofaffi ne gida-gida. In tashe su, in wanke su, in ba su magani da abinci, in ruga in kama bas zuwa gida na gaba. Tun da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, lokacin da ake ba mu a kowane gida ya ragu har wani lokaci ko rigar sanyina ba na cirewa. Tsohon da aka haɗa ni da shi yana can saman wani dogon bene, kuma lif ɗin ya fi lalacewa a kan aiki. Na hau ina haki, na ƙwanƙwasa. Ya buɗe yana dogare da sanda, ya kawo fuskarsa kusa da katin da ke rataye a wuyana, ya karanta a hankali. Sai ya kama dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya nuna ƙirjinsa ya ce shi ma MacGregor ne, Angus MacGregor. Ya ce, "Shigo, 'yar ɗan'uwana. Kin daɗe a hanya."

Daga Scotland ya zo yana saurayi, ya yi aikin narka ƙarfe har aka rufe masana'antar. Matarsa ta rasu, ba su haihu ba. Akwai wani zaure da tsofaffin unguwa ke haɗuwa su ci abincin rana tare, council, wato hukumar birnin, ta rufe wurin kafin in san shi. Saboda haka yawancin ranaku ni ce kaɗai mutumin da yake magana da shi, ni kuwa idona na kan agogo.

Shi ya ba ni tarihin sunanmu, guntu-guntu, ina sa masa safa ko ina dama masa kununsu wanda yake sha da gishiri. In lokaci ya cika sai ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya nan, gobe za a kore mu daga ƙasarmu, kar ki makara."

Ya ce a yarensu na can kan duwatsu, Mac yana nufin ɗan wane, kamar yadda mu ma muke cewa ɗan wane. Gregor kuma wani kakansu ne na can baya, wanda suke alfahari cewa jinin sarauta ne. Suna da kwaruruka nasu tsakanin duwatsu da tafkuna, suna kiwon shanu. Amma su da takobi suka riƙe ƙasarsu, maƙwabtansu kuwa da takardar sarki, kuma a hankali masu takarda suka cinye ƙasar. Da aka matse su suka koma kwasar shanun mutane, aka yi wani ƙazamin faɗa da wani dangi, mutane da yawa suka mutu. Sai sarki ya yi abin da ban taɓa jin an yi ba: ya haramta sunan kansa. Duk wanda ya amsa MacGregor, jininsa ya halatta. Aka riƙa farautarsu da karnuka. Aka hana su taruwa. Wanda yake so ya rayu, sai ya ari sunan wani dangi, wasu har sunan waɗanda suka ƙwace musu ƙasa. Aka fi shekara ɗari a haka kafin a janye dokar, kuma da yawa ba su koma wa sunan ba, don jikokinsu ba su ma san nasu ba ne.

Ina jin wannan ina gyaɗa kai kamar mai jin tatsuniya. Sai wata safiya, ina durƙushe ina ɗaura masa takalmi, ya ce, "To, naku kakan, wane suna ya ajiye kafin ya ɗauki namu?"

Baba, na kai shekara arba'in da wani abu a duniya, tambayar nan ba ta taɓa zuwa kaina ba. Mutum ba ya faɗowa daga sama da girmansa a kicin ɗin Bature. Yana da uwa da ta raɗa masa suna, yana da gari. Ban san ko ɗaya ba. Ranar na wuce tashar da zan sauka ban sani ba.

Na duba wanda zan tambaya. Kai ka tafi, Mama ta bi ka, Baba Ƙarami ma haka. Ba wanda ya rage sai yayarka, Gwaggo Talatu, da ke wurin ɗanta Dauda a Manchester. Ka bar ta da ƙarfinta, tana faɗa da kowa a kan yadda ake dafa gwate. Ba haka take ba yanzu. Mantuwar tsufa ta kama ta. Wurin da ake kai irinsu su wuni shi ma an rufe, matar Dauda ta bar aikinta tana jinyarta. Dauda ya ce mini a waya, "Ki zo, amma kar ki sa rai. Jiya ni ma ta tambaye ni ɗan gidan wa ne."

Na roƙi a ba ni wata Asabar. Ofis suka ce za su tura wata ta riƙe mini gidajena. Na gaya wa Angus, ya yi murna kamar yaro, ya ce in dawo masa da sunan ko da a tafin hannu ne.

Na same ta a falo kusa da hitar ɗumama ɗaki, an lulluɓe ta da bargo, ta ƙanƙance. Na durƙusa na gaishe ta. Ta daɗe tana kallona, sai fuskarta ta washe, ta ce, "Inna, kin dawo daga kasuwa?" Ka ga, sunan mahaifiyarku kuka ba ni, ashe har fuskarta na ɗauko. Dauda ya yi mini alama da ido kada in gyara mata. Na zauna a ƙasa na riƙe hannunta, na ce ta ba ni labarin Babanta, wato Kaka, yadda aka yi ya zo Bukuru.

Ta waiga ƙofa tukuna. Ta rage murya ta ce, "Ai kin ce kar mu faɗa."

Na ce yau na yarda.

Ta faɗa da muryar ƙaramar yarinya, tana tsayawa tana komawa baya, amma ga abin da na tsinta. Lokacin yaƙin duniya na biyu ne, da Turawa ke bin ƙauyuka suna ɗibar maza a kai su haƙar kuza dole. Aka ɗebo Kaka da ƙanensa daga wani gari mai nisa, ƙasar zafi, aka kawo su kan duwatsun Bukuru cikin sanyin da ba su taɓa sani ba, ba bargo, ba abincin kirki. Ƙanen ya kamu da tari ya mutu a bariki. Kaka ya binne shi da hannunsa, ya gudu. Ana neman waɗanda suka gudu da sunansu da sunan garinsu. Wani kukun gidan Bature ya tausaya masa ya ɓoye shi a bayan kicin, yana fere dankali. Ran da 'yan doka suka zo suka tambaye shi sunansa, sai ya nuna gidan ya ce, "Ni yaron MacGregor ne." Suka wuce. Daga ranar bai sake furta sunansa na yanka ba, bai kuma sake taka garinsu ba. Gwaggo ta ce, "Ya ce da wane ido zai kalli uwarsa, an ba shi yaro ya dawo shi kaɗai."

Na ce, "To mene ne sunan?"

Ta buɗe baki. Na ga leɓenta na motsi, na ga tana nema. Sai ta yi dariya ta dafa kumatuna ta ce, "Ke kika sani, Inna. Ke ya gaya wa." Daga nan ta ce a ba ta shayi, kuma ba ta sake komawa kan maganar ba. Dauda ya ce shi bai taɓa jin ko kalma ɗaya daga cikin labarin nan ba. Ya sake gwada ta bayan na tafi, kowace rana da sunan da take kawowa, wani na limamin cocinsu ne na da, wani na mai sayar musu da nama.

Ina kicin ɗin Dauda ina wanke fuska wayata ta yi ƙara. Wata nas ce daga asibiti a Birmingham. Ta tambaya ko ni ce Hannatu MacGregor, 'yar ɗan'uwan Angus MacGregor. Ta ce ya faɗi a banɗaki, kuma da aka tambaye shi danginsa ni kaɗai ya ambata. Baba, ban yi tunani ba. Na ce eh, ni ce.

Wadda aka ce za ta riƙe mini ba ta je ba. Ba laifinta ba ne, an jibga mata gidajen mutum biyu, nasa ya faɗo daga lissafi. Tun safe yana kwance a kan tayil mai sanyi da karyayyen ƙugu, har la'asar, sai da wata maƙwabciyarsa 'yar Jamaika ta ji yana buga bututun ruwa da sandarsa. Duk tsawon hanyar dawowa a bas abu ɗaya nake juyawa: da ban tafi neman sunan matacce ba, da na same shi a kan lokaci.

Na same shi da rai, an sa masa robar iska a hanci. Bai ce komai a kan faɗuwar ba. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Kin samo?" Na ce ban samo ba, amma na ba shi labarin duka. Sai ya ce, "Mu mun gudu daga cikin sunan don mu tsira, kakanki ya gudu ya shiga cikinsa. To, ashe ya taɓa yi wa wani amfani." Ya ce kada in yarda wani ya ce mini aro na yi, an biya kuɗinsa da tsada. Ya ce shi bai taɓa ganin kwarin da danginsa suka fito ba, a birni aka haife shi, kullum yana cewa sai baɗi. Sanyin da ya sha a ƙasa ya shiga huhunsa. Bai kai Asabar ta gaba ba.

Ban gama kuka ba aka kira ni ofis. Asibiti sun sanar da su cewa mai kula da shi ita ce danginsa, kuma doka ba ta yarda da haka a ɓoye ba. Manajarmu, wata mata da ita ma gajiya ta gama cinye ta, ta ce, "Me ya sa ba ki gaya mana ɗan'uwanki ne ba?" Na ce ba ɗan'uwana ba ne. Ta ce, "To me ya sa kika ce wa asibiti eh?" Ta yaya zan fara mata daga Bukuru? Na gane abin da suke zargi ba tare da sun faɗa ba: baƙar mata ta samu tsoho marar kowa, ta lallaɓa ta zama magajiya. Aka dakatar da ni har a gama bincike. Irin aikinmu kuwa, ranar da ba ka fita ba, ba ka da komai. Matan cocinmu ne suka riƙa kawo mini shinkafa da mai, suna ajiyewa kamar sun manta da shi. Keziya ban gaya mata ba sai daga baya, tana cikin jarrabawa.

Da masu binciken suka shiga gidansa suka ga gadon da ake tsoro in ci: rediyo, kujera mai ramin zama, da wani tsohon mayafi mai ratsin ja da kore, irin na danginsu. Aka ce ba ni da laifi. Ba wanda ya ce in yi haƙuri. Kafin nan an raba wa wasu gidajena, har yau ban koma yadda nake ba. Ba wanda ya kuma yi bincike a kan yadda aka bar mutum kwance a ƙasa wuni guda.

Tun da ba shi da kowa, council ce ta yi jana'izarsa, da sassafe, lokacin da ba mai so. Mu uku ne: ni, da maƙwabciyar nan, da wani ma'aikacin council mai kirki da ya sa baƙar kwat. Baba, ƙona shi suka yi. Na san haka suke yi a nan, amma da labule ya rufe akwatin sai da na kawar da kai. Aka tambaya ko akwai mai magana. Ba abin da ya zo mini sai waƙar nan da muke yi a gida in za a sa mutum a kabari, na yi ta da Hausa, maƙwabciyar tana bin amon ba ta san kalmomin ba.

A waje ma'aikacin ya tambaye ni, cikin ladabi, mece ce dangantakata da mamacin. Na riga na ga abin da eh ta jawo mini, a'a kuma ta ƙi fitowa. Na ce, "Sunanmu ɗaya." Ya ce hakan ya isa. Ya ce in ba wanda ya karɓi tokar, za a watsa ta a lambun wurin. In ina so, zan iya karɓa.

Na karɓa.

Yanzu bari in tambaye ka abin da ya hana ni sukuni. Ka sani? Na yi makonni ina fushi da kai. Kai malami ne, ka koya wa 'ya'yan mutane tarihin ƙasashen da ba ka taɓa gani ba, ka bar naka 'ya'yan ba su san garin kakansu ba. Wataƙila a can wani wuri akwai mutane masu irin goshina, waɗanda har yau suke ba da labarin samari biyu da aka ɗiba ba su dawo ba. Wata tsohuwa, uwarsu, ta mutu tana kallon hanya. Kalma ɗaya daga bakinka da ta isa in neme su.

Sai na tuna addu'arka ta ƙarshen shekara. In ka gama ambaton kowa, 'yan'uwa da maƙwabta da marasa lafiya, sai ka yi shiru, sannan ka ce, "Da waɗanda ba mu san inda suke kwance ba." Muna yara mun ɗauka sojoji kake nufi. Muryarka takan sauya a wurin nan, Mama kuma takan ɗora hannu a gwiwarka. Ashe ka sani, ko ka san rabi. Ina jin an ba ka amana ne tun kana ƙarami, cikin tsoro, kuma ba wanda ya dawo ya ce maka an daina neman kowa. Fushin ya tafi, Baba. Abin da ya maye gurbinsa ya fi nauyi, don yanzu ina ganinka yaro, an ce ka yi shiru, ka yi shiru har kabari.

Tokar tana saman kabad ɗina cikin wani ɗan bokitin roba mai murfi, na naɗe ta da mayafinsa. Ban gaya wa Fasto ba, ban san yadda zai ɗauka ba. Wani lokaci in na shigo sai in ji na ce sannu da gida. Keziya ta nemo mini kwarin a wayarta, ta nuna mini: duwatsu ne tsirara da ɗan rafi, da a ce an ƙara rana, sai in rantse hanyar Vom ce, can gida. Dauda ya ce bayan Ista zai samu wanda zai zauna da Gwaggo, in hau bas in same shi a Manchester, mu ɗauki motarsa mu yi arewa. Mu biyu, jikokin mutumin da ya yi fere dankali a bayan kicin, za mu kai Bature gida.

Shi Angus sunansa ya nuna mana hanya. Kaka da ƙanensa ne ban san inda zan kai su ba.

Ubangiji wanda ya san kowa tun yana cikin uwarsa, ya kira Kaka da sunan da uwarsa ta ba shi. Ya tuna da yaron da ke kwance a gefen wani ramin kuza ba alama. Ya karɓi Angus, ya yafe mini Asabar ɗin nan. Ya sauƙaƙa wa Gwaggo sauran kwanakinta, ya ƙara wa masu jinyarta haƙuri. Kai kuma, Babana, ya sauke maka abin da ka ɗauka kai kaɗai, ya ba ka hutu har ranar da za mu sadu. Amin.

Ka gaida Mama.

Taka har abada,
Hannatu